Kwamfitir ɗin karin kumallo

Da safen nan na leƙa kantin unguwarmu a Wadata neman kwamfitir, wato 'ya'yan itacen da ake dafawa da sukari a shafa wa burodi, don yara sun ce burodi da bota kaɗai ya gundure su. Kwalabe uku na tarar a kan kanta: ta firez da ta abiriko, 'ya'yan itacen ƙasashen waje, sai wata ƙarama ta mangwaro da wasu mata ke dafawa nan Yamai, takardar jikinta ma a karkace aka manna ta. Na ɗaga ta firez, na ga kuɗin, na mayar da ita a hankali kamar ƙwai. Mai kanti ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wallahi ba laifina ba ne. Tun da aka rufe gadar Gaya ta iyakarmu da Benin a 2023, kayanmu ta Lome suke zagayowa, su ratso Burkina cikin ayarin motoci da rakiyar soja. Duk kwanan da suka yi a hanya, ke za ki biya." Rediyonsa na gefe yana ta maganar AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, da ficewarmu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, shi kuwa hankalinsa na kan canji.

Ta mangwaron na ɗauka. Gaskiya sukari ya ɗan yi mata yawa, ga ta ruwa-ruwa, sai ka yi sauri kafin ta zubo ta gefen burodi. Amma ƙamshin mangwaro ne zalla, autana har da lasar cokali. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mangwaron da ke ruɓewa a kasuwanninmu duk lokacin zafi, alhali muna jiran wanda ya hau jirgin ruwa kafin mu karya.