Abin da keken ɗinki da surfani ya koya mini a Garwa

Shekara uku na yi ina koyon ɗinki a wurin goggona a Garwa, a kan tsohon kekenta na Butterfly mai takawa da ƙafa, kafin na tara kuɗin adashi na sayi keken gida mai aiki da lantarki, samfurin Brother, wanda yake ɗinki kuma yake surfani. Abin da ya ja hankalina a ranar saye shi ne yawan zane-zanen da ke cikinsa, da ɗan gilashin da ake taɓawa a zaɓi fure ko harafi. Da na kai shi gida, Goggo ba ta ko dubi gilashin ba. Ta ɗauki firam ɗin da ake ɗaure yadi a ciki, ta auna shi da tafin hannunta, ta ce, "'Yata, wannan ba zai ɗauki wuyan kaftani a zama ɗaya ba."

Gaskiyarta ce, domin filin aikinsa santimita 10 ne a kowane gefe. Ya isa fure a bakin mayafi, ko suna a rigar jariri, ko ƙaramin ado a aljihu, amma duk aikin da ya wuce haka sai an kwance yadin an sake ɗaurewa, kuma idan aka kauce da ko da faɗin zare biyu, mahaɗar za ta fito fili a kan shadda. Na ɓata wuyan riga guda kafin na koyi zana layi da alli a tsakiyar yadin, in daidaita shi da alamomin firam. Aska takwas ta babbar riga kuwa har yau nakan tura masu ita wurin masu manyan kekuna a kasuwa, kuma ba na jin kunyar hakan.

Wahala mafi tsawo na sha ta ne wajen daidaita ƙarfin jan zare. A ɗinki na yau da kullum, zaren sama da na ƙasa a tsakiyar yadi suke haɗuwa, amma a surfani ana so zaren sama ya ɗan leƙa ta baya, don kada farin zaren ƙasa ya bayyana a fuskar ado. Goggo kan juya aikina ta duba bayansa tun kafin ta kalli gabansa, kuma daga nan take gane ko na saka takardar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin yadi don kada ya tattare. Allura ma tana da nata hukunci: lamba 75 ga yadi mai laushi, lamba 90 ga shadda mai sitaci.

Sauran abin da na koya na kula da keken ne. Wutarmu bolt 220 ce, don haka keken da aka kawo daga Amurka, mai bolt 110, yana bukatar taransifoma, kuma ni ma na haɗa nawa da na'urar daidaita wuta saboda allon lantarkin da ke cikinsa. Da hunturu, ƙura da burbushin zare kan taru a ƙarƙashin farantin allura har zare ya riƙa tsinkewa, shi ya sa duk yamma nake share wurin da ƙaramin buroshi, in lulluɓe keken da zanen atamfa. Na Goggo yana nan a gefensa, shi nake komawa in an ɗauke wuta ana gobe Sallah.