Takardar da Malam ya mayar mini a Hartum

A shekarata ta uku ta karatu a Hartum aka ba mu aiki a darasin kwatanta addinai: kowa ya rubuta shafi goma kan abin da Kiristoci ke koyarwa game da halitta da zunubi da ceto. Dare biyu na gama nawa, ina ganin na yi bajinta. Da Malam ya mayar mini da takardar babu maki a kanta, sai tambaya guda da jan biro: "A ina ka karanta wannan?" Gaskiya a littattafan raddi na karanta. Ban taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba.

A unguwar Hausawa da nake haya, kudancin birnin, akwai wani dattijo Kirista ɗan Wusasa mai aikin jinya, muna haɗuwa da shi wajen mai shayi bayan magariba. Ni kaɗai ne ɗan Najeriya ban da shi, sauran Hausawan Sudan ne, wasu daga Mai Wurno, wasu daga Gadarif. Na ce, "Baba, ko za ka ara mini littafinku?" Washegari ya kawo na Hausa, bangonsa duk ya ƙoƙe. Ya ce kakansa ya ga Dakta Miller da idonsa, wanda ya jagoranci fassarar da ta fito a 1932. "Ɗana, daga Farawa za ka fara, kada ka yi tsalle."

To, tsallen kuwa shi na yi a takardata ta farko. Na fara da zunubi, su kuma da halitta suke farawa. A babi na ɗaya na Farawa, wato littafin farko a cikin Littafi Mai Tsarki, sau bakwai ana cewa Allah ya duba abin da ya yi ya ga yana da kyau, na bakwai ɗin har da "ƙwarai". A wurinsu mutum abu ne mai daraja da ya lalace, kamar ƙwaryar da ta tsage. Wanda bai kama wannan ba, sauran maganar ba za ta zauna masa ba.

Babi na uku ma ya ba ni kunya. Na rubuta cewa Adamu da Hauwa'u tuffa suka ci, babu tuffa a ciki, 'ya'yan itace kawai aka ce. Kalmar zunubi kanta sai a babi na huɗu ta fara fitowa, a labarin Kayinu da Habila, 'ya'yan Adamu. Abin da ake kira zunubin asali daga wasiƙar da Bulus, ɗaya daga manzannin Kirista na farko, ya rubuta wa Romawa aka gina shi, babi na 5 aya ta 12, inda ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo bayansa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, shi ya tsaya kai da fata a kan wannan fahimta yana jayayya da Pelajiyus, wanda ya ce mutum na da ikon guje wa saɓo. Taron shugabannin coci da aka yi a Kartaj a shekarar 418 ya goyi bayan Agustin. Majami'un Gabas kuwa sun fi ƙarfafa cewa mutuwa da raunin hali aka gada. Ni da na rubuta "Kiristoci sun ce", kamar bakinsu ɗaya.

Inda na fi daɗewa shi ne kalmar alheri. Littafi Mai Tsarki na Larabci ni'ima yake cewa, na Hausa ya ce alheri, kuma kunnen Bahaushe yakan ji ta da nata kaya. Mu muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Alheri gadon barci. Wato ka shuka, ka girba. Bulus kuwa a Romawa babi na 4 ya ce abin da aka biya ma'aikaci hakkinsa ne, ba a kiransa kyauta. A wasiƙarsa zuwa ga Afisawa babi na 2 ya ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta wurin ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya.

Na ce, "Baba, ai mu ma muna da hadisin da ya ce aikin mutum ba zai shigar da shi Aljanna ba sai da rahamar Allah." Ya gyaɗa kai, ya ce amma a wurinsu alherin ta kan gicciye ya biyo. A nan muka rabu hanya, kuma na rubuta hakan ƙarara: a Suratul Baƙara Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, kuma Alƙur'ani ya ce babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Imanina na nan inda yake. Abin da ya sauya shi ne yanzu na san takamaiman wurin da muka saɓa.

Kafin in miƙa wa Malam takarda ta biyu, na fassara wa Baba ita da baki, shafi bayan shafi, shayinmu na hucewa. Bai ce uffan ba sai da na kai inda na ce ceto a wurinsu lada ne na bangaskiya. Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ɗana, goge lada. Sa kyauta."