Yaron da na yi wa nasiha ban saurare shi ba

Ƙannena masu shirin komawa makaranta don digiri na biyu, musamman ku da hankalinku ya karkata ga aikin kula da ɗaliban jami'a, bari in ba ku labarin wani yaro da ya suɓuce a hannuna.

A Agege aka haife ni, a nan na yi wayo. Bayan bautar ƙasa na samu aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai na wata jami'a a nan Legas, amma raɓawa kawai na yi, ina jiran a buɗe gurbin lakcara in tsallaka. A ganina ofishin na rabon gado a hostal ne, da buga hatimi, da tura sunayen masu tafiya bautar ƙasa, da raba rigima idan zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya zo. Duk ana yin waɗannan. Sai dai awa nawa ɗalibi yake yi a ɗakin lakca? Sauran yininsa, inda zai kwana, abin da zai ci, wanda zai kai wa kukansa, duk a wuyan ofishinmu suke, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Da yake ni kaɗai ne Bahaushe a wurin, duk ɗan Arewan da ya shigo da matsala ni ake turo wa. Wata rana aka turo mini wani ɗan aji biyu. Ya faɗi kwasa-kwasai huɗu, makinsa ya zube, an gargaɗe shi cewa idan bai farfaɗo ba za a sallame shi. Ya ɗosana a bakin kujera, ya ce, "Yallaɓai, abubuwa ne suka ɗan yi mini yawa." Ban bari ya ƙarasa ba. Na kusa rabin awa ina magana: iyayenka sun sha wahala, Legas ba wurin wasa ba ce, ka rabu da abokan banza, ka riƙe salla. Shi kuwa sai "To, Yallaɓai. In sha Allahu, Yallaɓai." Na sallame shi ina ji a raina na yi aikin lada.

Ban tsaya nan ba. Na buɗe fayil ɗinsa na ga lambar kawunsa, wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, na kira shi na ce, "Alhaji, ɗanku fa yana wasa da karatu." A tarbiyyar da na tashi da ita wannan zumunci ne, ɗa na kowa ne. Yaron bai sake tako ofishin ba. Sai bayan an sallame shi wani abokinsa ya warware mini. Bai samu gado a hostal ba, hayar ɗaki kusa da makaranta ta fi ƙarfinsa, wani dare a masallaci yake kwana, wani dare kuma a kasuwa yana sauke buhunan albasa daga mota har asuba. Da kuɗin dakon yake biyan rajista, yana kuma aika wa mahaifiyarsa. Shi kuwa kawun dama tun farko bai yarda da karatun ba, sai kirana ya zame masa hujja.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne mafita tana nan a ofishinmu. Dokar jami'ar ta yarda ɗalibi mai uzuri ya jingine karatu ya dawo daga baya, akwai kuma gadajen da ake ware wa masu larura. Littafin dokokin ɗalibai yana cikin durowata, ban taɓa karanta shi daga bango zuwa bango ba. Tambaya ɗaya ce ta rage mini in yi: "A ina kake kwana?"

Bayan shekara biyu na shiga digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara. A Najeriya galibi ta wannan ƙofa ake shiga aikin, ko ta fannin gudanar da ilimi, duk a tsangayar ilimi. A nan na fara sanin cewa abin da nake yi da ka sana'a ce mai tarihi. A Amurka tun 1937 Majalisar Ilimi ta ƙasar ta fitar da matsaya cewa jami'a ta dubi ɗalibi a matsayin cikakken mutum: ƙwaƙwalwarsa, lafiyarsa, halin zuciyarsa, zamansa da jama'a, har da ƙarfin aljihunsa. Can akwai digiri na biyu na harkokin ɗalibai zalla. Mu a nan Najeriya ana danganta farkon aikin ba ɗalibai shawara da shekarar 1959, lokacin da malaman makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daban-daban su shawarci ɗaliban da za su fita. Ranar da muka karanta bayanin da Vincent Tinto, wani masanin ilimi ɗan Amurka, ya yi a 1975, cewa ɗalibi ya fi saurin barin jami'a idan bai samu shiga cikin karatu da cikin jama'ar makaranta ba, fuskar yaron nan kawai nake gani. Wanda ba shi da makwanci a makaranta, yaushe zai zama ɗan makarantar?

Ko a karatun digirin na biyun sai da na kusa sake tafka wani kuskuren. Akwai horon gani da ido da ake tura mutum ya zauna da ɗalibai a ƙarƙashin kulawar malami. Ni kuwa ga aiki, ga gosulo, ga lakcar Asabar, sai na nemi a sa mini hannu kawai tunda a ofishin ɗalibai nake. Malamar da ke duba ni ta ƙi. Ta tura ni wata makarantar da ba a san ni ba, ta zauna a gefe da izinin ɗalibin, da muka gama ta nuna mini agogo: cikin minti 20, ni na cinye 15. Wannan zama ya fi mini duk jarrabawar da na rubuta. Mu Hausawa mun iya nasiha, kuma nasiha tana da wurinta, amma yaron da aka koya wa kada ya ɗaga ido gaban babba ba zai faɗi damuwarsa ba sai babban ya yi shiru ya jure shirun. Don haka kafin ka sayi fom, ko a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko a ta jiha da ke Ojo, ko a ko'ina, ka tambayi waɗanda suka gama yadda ake gudanar da wannan horon da kuma wanda ke duba shi. Idan digirinka na farko ba na ilimi ba ne, ka shirya, sau da yawa sai ka fara da difloma ta koyarwa.

A nan kuma na koyi riƙon sirri da iyakarsa. Abin da ɗalibi ya gaya maka amana ce, ba ta zuwa wurin kawu ko liman ko shugaban ƙungiyar 'yan jiharsu sai da yardarsa, in ba rai ne ke cikin haɗari ba, kuma tun a zaman farko za ka gaya masa hakan. Ka kuma san inda iliminka ya tsaya. Ɗalibin da ya daina barci, ya daina cin abinci, yana maganar gara ya mutu, ka yi masa addu'a, amma ka raka shi asibitin makaranta, in ta kama a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba. Iyaye za su iya cewa iska ce ko sammu. Kada ka yi musu da su, ka roƙe su a haɗa da likita.

Sai maganar aljihu. Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, yara suka dawo haya ta ƙare, jari ya karye. Na riƙa ciro albashina ina rabawa har gidana ya ji a jiki, kuma waɗanda suka iya roƙo ne suka samu, masu kunya suka tafi hannu rabbana. Da na ɓata wannan ƙarfin wajen haddace hanyoyin tallafin karatu na jihohi da taya yara cike takardu, da ya fi yaɗuwa. Yanzu da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024, wajibi ne ma'aikacin wannan ofishi ya san sharuɗɗansa kamar yadda ya san hanyar gidansu.

Ku kuma ƙannena mata, don Allah ku shigo. Akwai abin da ɗalibarmu ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da malami ne ya matsa mata, ko gida ne aka ce ta bar karatu ta yi aure. Na sha ganin yarinya ta zo har ƙofa, ta leƙo ta ga ni ne, ta ce ta yi ɓatan ofis.

Bara na je Mile 12 sayen kayan azumi, sai na ji an ce, "Yallaɓai, ina wuni." Shi ne. Yana da rumfarsa yanzu, da yara biyu masu taya shi. Na ja shi gefe na nemi gafararsa. Ya ce, "Ba komai, Yallaɓai, haka Allah ya tsara." Wannan karon na yi shiru, shi ya yi maganar, har ya kai ga cewa karatun yana ransa. Na gaya masa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiya a nan Legas, zai iya yi yana kasuwarsa. Ya karɓi lambata ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Har yanzu bai kira ba, ni kuma duk ƙarshen wata nakan bi ta rumfar in sayi albasa.