Inci 37 da littattafan soyayya

Ranar Talatar da ta wuce na shiga kasuwar Balogun sayen shafi da zif. A hanyar dawowa na tsaya Oshodi neman motar Agege. Ban gama sa ƙafa a danfo ba kwandasta ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ya ɗaga murya yadda duk motar za ta ji, wai orobo kuɗin kujera biyu za ta biya. Ga wanda bai zauna Legas ba, orobo ita ce mai ƙiba, siririya kuma lepa. Na mayar masa da Yarabancin da na tashi a cikinsa, na ce ya fara gyara kujerar ta iya ɗaukar mutum ɗaya tukuna, sannan mu yi maganar biyu. Mota ta ɗauki dariya, wata tsohuwa ta matsa mini, muka kama hanya. Da shekara goma baya ne, wannan maganar ta isa ta hana ni cin tuwon dare.

Cunkoso ya riƙe mu wajen Ikeja, sai na ciro waya na ci gaba da wani littafi da na biya naira 500 aka saka ni a zaurensa na WhatsApp. Tallarsa ce ta ja ni. An ce wannan daban yake, jarumar baƙa ce, mai jiki, ba irin wadda aka saba ba. Da farko kam an cika alkawari. Yarinya na shan gori a makaranta, tana ɓuya a bayan ƙaton hijabi, har na ji ƙwalla ta taru mini don na san wannan hijabin. Sai aka yi mata auren haɗi da wani ɗan uwanta mai kuɗi wanda ko kallonta ba ya son yi. Ya yi tafiya ƙasar waje. Aka ɗauko mai gyaran jiki daga Maiduguri, aka shiga dilka da halawa da turaren wuta. Kafin wata uku yarinya ta zube, ƙugu ya fito, fata ta washe, marubuciya ta sanar da mu cewa ai dama can ba baƙa ba ce, wahala ce ta dafar da ita. Da maigida ya sauka a filin jirgi bai gane matarsa ba.

Na kife wayar a cinya. Wato dai ko a littafin da aka ce namu ne, sai an fitar da mu ta ƙofar baya an shigo da wata kafin a fara soyayyar.

Ni ba baƙuwar littattafan nan ba ce. A nan Agege aka haife ni, kuma a makarantar bokon da na yi Turanci da Yarabanci ake koyarwa, babu Hausa ko ta minti ɗaya. Karatun Hausar da nake rubuta muku wannan da shi, a littattafan soyayya na koye shi. Wata ƙanwar Innarmu ce ke zuwa Kano saro kaya, ta cuso su a ƙasan jakar bakko, ƙarƙashin atamfofi da kuka da daddawa. Siraran littattafai, na ɗaya da na biyu da na uku, wani lokaci na ukun ya ɓace a hanya mu yi wata biyu ba mu san ko an ɗaura auren ba. Adabin Kasuwar Kano masana ke ce musu, kuma tun shekarun 1980 ake buga su, amma mu a layinmu sunansu littafin Hausa kawai. A 2007 da labari ya iso cewa hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu a Kano, Inna ta ce da za su biyo ta Agege da ta nuna musu ƙarƙashin katifata.

Na haddace jarumarsu kamar karatun allo. Fara ce sol, hanci har baka, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, wushirya siririya, kamar ita ta yi kanta. Idan an bincika za a tarar ruwa biyu ce, uwar Balarabiya ko Shuwa, ko dai a ƙalla Bafulatana. Mai irin jikina ma tana ciki, ba a manta da ita ba. Ita ce kishiya mai bin bokaye, ita ce 'yar aiki, ita ce uwar miji mai faɗa, ana kiranta ɓuleliya ko baƙa wuluk. Ina 'yar shekara 13 ina karanta wannan da tocila cikin bargo, ina goyon bayan farar, ina tsine wa mai kama da ni.

Yau shekarata 11 ina ɗinki. Wanda ya riƙe tef ɗin awo tsawon wannan lokaci ya san abin da likita ma bai sani ba. Da wuya mace ta tsaya a gabana ba ta fara da ba da haƙuri ba. "Anti, ki yi haƙuri da tumbin nan, tun haihuwar auta ya ƙi komawa." "Ki ɗan saki hannun, damtsena kamar na ɗan dambe." Kada ku ɗauka masu jiki ne kaɗai. Siraran sun fi ban tausayi a 'yan shekarun nan, tunda yayi ya juya, yanzu ana son ciki a shafe amma ƙirji da mazaunai a cike. Amarya za ta ja ni gefe ta raɗa mini in sa mata ciko a rigar kamu. Wata ta zo awo a watan Rajab, kafin bikin a Sha'aban fuska ta kumbura ta yi suntum, riga ta ƙi shiga. Ba sai na tambaya ba, sha-ka-fashe ne. Magunguna ne da aka yi don wasu cututtuka, ake sayar da su ba takardar likita ana sha don a yi ƙiba. Mai ƙiba na shan shayin rage tumbi, siririya na haɗiyar ƙwayar ƙiba, kuma duk su biyun a benci ɗaya suke zama a shagona suna jiran anko iri ɗaya.

Bilicin kuwa tun daga ƙofa nake gane shi. Fuska jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore-kore sun fito a damtse, nankarwa ta tsattsaga kafaɗa. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta ayyana shafe-shafen nan a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, tana kafa hujja da ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mata 77 cikin 100 a Najeriya na amfani da man ƙara hasken fata. Ban yi mamaki ba. Ni ma ina cikin lissafin.

Ina da shekara 19 na tara kuɗin da nake samu wajen koyon ɗinki na sayi haɗi wurin wata mata a kasuwa, cikin wata 'yar roba da ba suna ba takarda. Wata uku ina shafawa a ɓoye bayan kowa ya kwanta. Na yi haske, ba zan yi ƙarya ba, har 'yan layi suka fara cewa na samu hutu. Daga baya ranar Legas ta fara cin fuskata kamar an watsa barkono, kumatuna suka ƙone suka yi baƙi fiye da da.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ko ciwo nake sai dai ta aiko ƙanwata ta tambaya. Kara ce irin ta iyayenmu, wadda ba ta baro ta a Katsina ba, ta taho da abarta har bakin teku. Wata safiya na duba bayan akwati inda nake ɓoye robar, babu ita. A gurbinta akwai gwangwanin madara an cika shi da man kaɗe, an rufe da leda an ɗaure da zare. Ba ta ce mini uffan ba, ranar ko bayanta, har yau ɗin nan.

Baba ne ya yi magana. Shi dillalin shanu ne a abbatuwar Oko-Oba, ba mutum ne mai dogon zance ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Bayan sallar isha ya kira ni, na durƙusa a gefen tabarma. Ya zaro wani tsohon hoto daga cikin jakar takardunsa, ɗan ƙarami, gefensa duk ya cinye.

"Uwata, wa kika gani?"

"Hajiya ce, Baba."

"Dube ta da kyau."

Na duba. Baƙa ce ƙirin, faffaɗar fuska, kafaɗu kamar ƙofar zaure. Hancina ne, wuyana ne. Ya ce da wannan jikin ta yi daka da surfe ta sayar da fura ta ciyar da su bakwai bayan rasuwar mahaifinsu. Ya ce ita ta rasu bai fi shekara da zuwansa Legas ba, ko jana'izarta bai samu ba, don kafin saƙo ya iso shi an kwana uku.

"Duk ranar da na dawo daga kara na same ki a tsakar gida, ita nake gani. Yanzu ita ce kike so ki goge mini?"

Ban iya amsawa ba. Ya mayar da hoton, ya ce in tashi in je in kwanta, Allah Ya yi mini albarka.

Ba zan yi muku daɗin baki in ce gidanmu aljanna ba ne. A gidan nan dai Gwaggo take, wadda duk biki sai ta ce, "Wannan wa zai kwasa? A rage mata burodin Agege." A nan ɗan wan Baba ya laƙa mini tulu, sunan ya bi ni har aji shida. Gorin kwandasta na ƙarewa a tasha, na dangi kuwa tare kuke kwana. Amma magani ma daga cikin gidan ya fito, tun kafin wani namiji ya ce yana sona. Maigidana da ya zo daga baya, mai sayar da albasa ne a Mile 12, ba matuƙin jirgi ba, ya same ni na riga na sulhunta da madubi. Da a hannunsa na jira in karɓi wannan, da duk ranar da muka saɓa sai ya tafi da abinsa.

Wannan ne ƙorafina da marubutanmu, kuma ƙorafin mai so ne. Sun yi ƙoƙari a kan auren dole da sakin wulaƙanci da zaman kishi tun lokacin da ba mai iya faɗa a fili. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna irin abin da mata ke iya rubutawa in sun saki jiki. Amma da an zo kan jikin mace sai alƙalami ya koma gidan jiya. Jarumar ba ta yarda da kanta sai wani mai kuɗi ya kalle ta ya rikice. Soyayyar iyaye kuma, uba ya saya mata mota, uwa ta rungume ta tana kuka tana kiranta da sunaye na shagwaɓa. Wataƙila akwai gidajen da ake haka. Ni dai ban taɓa cin karo da gwangwanin man kaɗe a littafi ba, uwar da ba za ta iya furta sunanka ba amma ta san inda kake ɓoye ciwonka.

Da na isa gida daren Talatar nan sai na kasa haƙuri, na tura wa marubuciyar saƙo ta bayan fage, cikin ladabi. Na ce, 'yar uwa, me zai hana ki bar ta yadda Allah Ya yi ta, ya so ta a haka? Ba ta ji haushi ba. Ta ce ta taɓa gwadawa a wani littafin, masu karatu suka yi mata ca, wai ta cuci yarinya, wai ina amfanin labarin da ba a ga ranar da miji zai yi nadama yana rawar jiki ba. Wasu har suka nemi a mayar musu da kuɗinsu. Ta ce ita da wannan take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta.

Ban da ta cewa. Tunda littafi ya bar takarda ya koma waya, marubuciya na turo shafi da safe, kafin azahar mun cika ta da sharhi, gobe ta rubuta abin da muka nema. Ashe mu ne muke aika a ɗauko mai dilkar. Kuma don kada in yi muku fuska biyu, na ƙarasa littafin a daren, har ƙarfe ɗaya, janareta na maƙwabta na ruri. Wurin filin jirgin nan ma sau biyu na karanta shi.

Jiya wata maƙwabciyarmu ta kawo 'yarta awon kayan Sallah. Ba za ta wuce shekara 14 ba, baƙa, cikakkiya, ta naɗe hannuwa a ƙirji tana kallon ƙasa. Uwar na daga bakin ƙofa tana cewa, "Ki yi mata bubu kawai, Anti, wannan me zai yi mata kyau?" Na ce, "Maman yara, je ki duba tukunyarki, zan turo ta." Da na zagaya tef a cikinta sai na ji ta ɗauke numfashi ta shafe ciki, har kafaɗunta na rawa. Tef ya nuna inci 34.

Na ce, "'Yata, Babbar Sallah ce fa. A cikin rigar nan za ki ci nama. Saki cikinki."

Ta fashe da dariya ba shiri, tef ya ja zuwa 37. Na ɗauki biro na rubuta 37, na tambaye ta wane irin hannu take so.