Jegon da babu jariri

Akwai wata Baturiya da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi nan Manchester, shekarunta 33, yaranta biyu, irin matan nan ne da magana ba ta kwana a cikinsu. Bara muna hutun rana ta zaro wani kwalin magani daga jaka, nace ke lafiya dai ko, sai cewa tayi shiri take za ta ɗaukar wa ƙanwar mijinta ciki. Wallahi saura ƙiris shayi ya sarƙe ni. Ashe ƙanwar mijin ciwon daji ne ya kama ta aka cire mata mahaifa, amma kafin aikin an ɗebi ƙwanta an adana, so ƙwan nata ne, maniyyin na mijinta ne, a asibiti aka haɗa, ita ƙawar tawa mahaifa kawai za ta bayar aro.

Ni a da na ɗauka rana ɗaya ake zuwa a dasa a dawo gida. Ina! Sai da aka yi mata gwajin jini kala-kala, aka duba mahaifar, aka zaunar da ita da mijinta gaban mai ba da shawara yana ta tambayoyin da ko a gidan biki ba a yi wa mutum, in cikin ya zube fa, in an ga nakasa a sikanin wa ke da ta cewa, in 'yan biyu ne fa. Daga nan ta shiga shan estrogen dan bangon mahaifa yayi kauri, sai progesterone, maganin da ke taimaka wa ciki ya zauna, na matsi safe da dare har cikin ya kusa sati 12, duk ta kumbura, abu kaɗan tayi kuka, abu kaɗan ta hau faɗa. Dashen farko bai kama ba. Ranar da sakamako ya fito ta shige banɗakin ma'aikata ta daɗe, da ta fito ba ta ce komai a kan kanta ba, cewa tayi ta rasa da wane baki za ta kira ƙanwar mijin. Na biyu ne Allah ya sa ya zauna.

Dokar Ingila kuma wani abin mamaki ce. Tun 1985 aka hana mayar da abin kasuwanci, kuɗin ɗawainiya kawai ake ba mace, na mota, kayan ciki, albashin da ta rasa. Takardar da suka sa wa hannu tsakaninsu kotu ba ta tilasta kowa ya cika ta. Wadda ta haihu ita ce uwa a doka ko da babu ɗigon jininta a jikin yaron, mijinta kuma shi ne uba, wato a takarda yayan nan shi ne uban ɗan ƙanwarsa har sai kotu ta mayar da yaron ga masu shi. Kuma ko ta amince, amincewar ba ta ƙirguwa sai jariri ya cika sati 6. Da ta faɗa min nace a raina kwana 42, ai arba'in ɗinmu kenan da 'yan kai.

Da na ba Ummata labari a waya shiru tayi sannan tace, to mahaifar ma yanzu ta zama tukunyar aro? Nace Umma ai mu ma muna ba da riƙo, Goggo ba ita ta riƙe Yaya tun yaye ba. Tace riƙo daban, kowa ya san wa ta haifa. Kuma gaskiyarta ce, malaman Sunna ba su halatta ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta taɓa yarda kishiya ta ɗaukar wa kishiya a 1984, shekara na zagayowa ta janye, saboda kishiyar na iya samun nata cikin da mijin a daidai lokacin a rasa ɗan wace ne, ga kuma ayar Suratul Mujadala mai cewa uwayensu su ne waɗanda suka haife su. Ni dai ba zan yi ba, na faɗa mata kai tsaye, tayi dariya tace dama ba ta tambaye ni ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tallan da nake gani a Facebook da Instagram ana neman matan da za su ɗaukar wa wasu ciki a Legas da Abuja, kuma Najeriya har yau babu dokar tarayya da ta tsara abin, yarinya ce kawai da talaucinta da dillali. Ko Indiya da ta zama kasuwar abin a duniya sai da ta rufe wa baƙi ƙofa a 2015, ta zo ta hana na kuɗi gaba ɗaya a 2021. Duk mai tunanin shiga ta tambaya tun kafin ta haɗiyi ƙwayar farko, in hawan jini na masu ciki ya same ta ko aka yi mata tiyata wa zai biya, har zuwa yaushe, in masu yaron suka rabu ko suka gudu fa.

Ƙawata duk ta shirya wa waɗannan, har 'yarta mai shekara 6 ta zaunar ta bayyana mata cewa bebin na anti ne muna ajiye mata ne. Abu ɗaya ne ba wanda ya shirya ta a kai, jego. Ta haihu lafiya, namiji, iyayensa na ɗakin, su suka fara ɗaukarsa, washegari suka tafi da abinsu ita ta koma gida da jakarta. Kwana 3 nono ya kawo, dan jiki bai san da wata yarjejeniya ba. Furanni da katuna da 'yan barka duk can gidan ƙanwar mijin suka nufa, ba da mugunta ba, can jaririn yake.

Ni kuma da na tashi a gidan da mai jego sarauniya ce, ana dafa mata ruwan wanka safe da yamma da ganyen darbejiya, ga kunun kanwa ga farfesun kaza, abin ya tsaya min a rai. Ranar Asabar na dama kunun gyaɗa na zuba a filas, nayi farfesu na rage yaji na hau bas. Na same ta a kan kujera da ganyen kabeji mai sanyi cikin rigar nono, wai haka suke yi nan in nono ya cika, gidan tsit, mijin ya kai yara wasan ƙwallo. Tace ba ta yi nadama ba ko kaɗan, kuma na yarda da ita, kawai dai cikin dare tana farkawa ta kasa kunne.

Kunun ta sha kofi biyu. Farfesun kuma duk da ragin da nayi sai da ya sa ta hawaye da majina, tana sha tana zagina, tace Asabar mai zuwa in ƙara kawowa.