Taya da iskar a-kori-kura mai jan kaya

A shekarar 2003 mahaifina ya kama hannuna ya damƙa ni ga wani mai faci a hanyar Katsina, kusa da kasuwar Dawanau. Sai da na yi wata shida ban taɓa kwampreso ba. Aikina ɗebo ruwa a baho, in tsoma tif, in nemo inda kumfa ke fita. Ranar da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya miƙo mini geji, cewa ya yi: "Yaro, iska ce ke ɗaukar kaya, robar nan jaka ce kawai da ke riƙe ta." Yau ina da shagona da yara huɗu, kuma yawancin masu zuwa wurina masu a-kori-kura ne, musamman Hilux, masu jan tankin ruwa, janareto ko ƙaramar tirelar hatsi.

Jan kaya daban, lodi a bodi daban. In aka ƙulla tirela yadda ya kamata, wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinta yana sauka ne a kan ƙugiyar baya. Tirela mai tan biyu, kusan kilo 200 ke nan. Ƙugiyar kuwa tana can bayan tayoyi, sai ta danne bayan motar ta sassauta gabanta. Tayoyin baya su ke shan wahalar duka. In iskarsu ta yi ƙasa, gefensu ya riƙa lanƙwashewa a kowane juyi, zafi na taruwa daga ciki, ga kwalta a watan Afrilu kamar kaskon suya. Daga nan tirela ta fara kaɗa wutsiya, direba ya ji sitiyari na masa gardama. Mutane kan ce yawan iska ne ya fasa taya. Ni dai yawancin waɗanda ake kawo mini a yage, ƙarancin iska da yawan lodi ne suka cinye su.

Shi ya sa ba na sayar wa mai jan kaya taya sai na durƙusa tare da shi mun karanta jikinta. In ka ga 195R15C ko 205R16C, wannan C ɗin na nufin tayar aiki ce, ga 8PR a gefe, abin da muke kira fulai takwas, wato ma'aunin ƙarfin jikin tayar. Sai lambar nauyi: 106 na ɗaukar kilo 950, 110 kilo 1,060, 112 kuma kilo 1,120. Amma wannan alkawarin sai da cikakkiyar iska yake cika. Irin waɗannan masu fulai takwas sai an kai su wajen 65 a geji suke ɗaukar iyakar nauyinsu. Ba ina cewa kowa ya ɗura 65 ba ne. Ana farawa da takardar da kamfani ya manna a ƙofar direba, a bi lambar da aka ba mota mai cikakken lodi, kada kuma a wuce abin da ke rubuce jikin tayar. Ana aunawa da safe kafin mota ta yi tafiya. In ta ɗau zafi a hanya gejin zai hau da huɗu ko biyar. Haka ya kamata, kada a sace iskar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan Beljiyam, wato tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su daga waje. Lokacin da nake koyo, Michelin na yin taya a Fatakwal, Dunlop a Ikeja. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, gwanjo ya cika kasuwa. Wasu ma tayoyin ƙanƙara ne, za ka ga zanen dutse da ƙanƙara a gefensu, robarsu mai laushi an yi ta don sanyin Turai. Wasu kuma an bi zanensu da wuƙa mai zafi, an shafe su da baƙin mai suna ƙyalli. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin tayar su ke tona asiri: 3519 na nufin an yi ta a mako na 35 a shekarar 2019.

Bara wani Alhaji ya zo zai ja tankin ruwa zuwa gonarsa. Na fito masa da sababbi, ya ce, "Malam, ai can gaba rabin wannan kuɗin ne." Na ce, "Alhaji, waɗancan na motar gida ne, kuma sun tsufa." Ya tafi. Bayan sati biyu yaronsa ya dawo da tayar baya da ya sayo can a bodi, bayanta ya saɓule kamar ɓawon ayaba, waya duk a waje. Allah ya tsare, ba a yi asarar rai ba, amma tankin ya fashe. Wanda ya sa masa ita ko geji bai da shi, ƙarfe ya buga mata ya saurari ƙara.

A shagona geji biyu nake ajiyewa, ina gwada ɗaya da ɗaya duk ranar Asabar. Sabuwar taya sai da sabon bawul da murfinsa. Mai jan kaya in ya zo da sassafe, nakan auna huɗun motar, da safaya, da na tirelar, don su ne aka fi mantawa da su, sannan in rubuta masa lambobin a kati ya ajiye a mota.