Allurar cikin ido da maganar hawan presha

Mamanmu ta daɗe tana fama da ciwon suga har ya taɓa mata ido, likita ya ce can bayan idon ne ya kumbura, sai an riƙa yi mata allura a cikin ƙwayar idon duk wata. Da na ji an ce cikin ido wlh sai da cikina ya ɗuri ruwa, amma ita allurar ba wani daɗewa take ba, za su ɗiga maganin kashe zafi su goge da aidin su sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon, kafin ka ce kwabo an gama.

Bayanta ne abin tsoron. Tana miƙewa ta ce "wai nepa ce ta ɗauke? ni fa ban gani da idon nan." Toh ashe preshar cikin idon ce ta hau, wato matsin ruwan da ke cikinsa. Shi ido a rufe yake ruf, ruwan da ake tura masa ɗan mitsitsi ne, 0.05 ml na magani irin su Avastin ko Lucentis ko Eylea, amma ba shi da inda zai bi nan take. Preshar lafiyayyen ido tsakanin 10 da 21 take a ma'auninsu, ana zare allura tana iya haura 40 ko 50, jinin da ke shiga idon ya ragu na ɗan lokaci, shi ne duhun. Yawancin mutane cikin rabin awa ta sauka da kanta. Nas ta zaunar da ita tana ɗaga mata yatsu, "Hajiya nawa kike gani?" har ta fara ƙirgawa daidai.

Mai hawan jinin ido kuwa tasa ba ta sauka da wuri, ga jijiyar gani dama a raunane take, don haka a faɗa wa likita tun kafin a taɓa idon, wani lokaci sai sun ɗiga timolol ko sun ba da Diamox, magungunan sauke presha, tukun.

Ni preshar da na fi tsoro ita ce wadda ke biyo bayan allurar sitiroyid, wani nau'in maganin kumburi, irin su triamcinolone da Ozurdex. Wannan ba a ranar take hawa ba sai bayan makonni, kuma shiru take zuwa ba ciwo ba komai, mutum na ta harkarsa jijiyar gani na lalacewa, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. In an ce a dawo awon presha don Allah a nemo kuɗin motar nan a je.

Ciwo mai tsanani da jan ido da gani na raguwa kwana biyu uku bayan allura kuma wani batun ne daban, ƙila ƙwayar cuta ce ta shiga, a ranar ake komawa asibiti ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.